Sabuwar saba ta iso da shirinta

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin matasanmu masu koyon kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da manhajoji, a gajimare, inda ake hayar su ta intanet.

Da yawa suna ɗauka da zarar sun kunna Auto Scaling, wanda Amazon ya fito da shi a 2009, shi ke nan sun huta. To shi wannan tsari ƙidaya kawai ya iya: jama'a sun yi wa shafi yawa, ya ta da sabuwar saba; sun ragu, ya kashe ta. Sabar da ya tayar da ƙarfe ukun dare kuwa ba ta san manhajar da za ta ɗauka ba, ba ta san inda rumbun bayanai yake ba, kuma ba mai shiga ya saita ta da hannu.

Abin da na fi gani shi ne a zuba komai cikin rubutun umarnin da cloud-init, manhajar da ke saita sabuwar saba, ke karantawa a tashin farko: sauko da wannan, girka wancan, kira manhajar saita saba irin Ansible ko Puppet. Yana aiki, ba musu. Amma ai ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mintin da sabuwar ta ɓata tana sauke-sauke, tsofaffin na nishi da cunkoson da aka kirawo ta ta rage. Ga shi manhajar da ta sauko yau ba lallai ta zama irin ta makon jiya ba, sai ka ga sabobi biyu masu aiki ɗaya suna ba da amsa daban. In kuma ma'ajiyar da ake saukowa daga gare ta ta tsaya, binciken lafiya, mai duba ko saba na aiki, ya sa a kashe sabar, a ta da wata, ita ma ta faɗi, kuɗi na ta zurarewa.

A ganina, a gina hoton saba, wato kwafin da ake ta da sababbi daga gare shi, tun da wuri da manhajar Packer, a girka komai a ciki, a gwada. Rubutun tashi, wanda a EC2, tsarin hayar sabobi na Amazon, dama ba ya wuce kilobait 16, a bar masa ƙananan saituna kaɗai.

Kuma don Allah a daina ajiye kalmar sirri a cikinsa. Kowace manhaja da ke kan sabar na iya karanto shi daga adireshin 169.254.169.254. A ba sabar izini ta IAM, tsarin ba da izini na Amazon, ta je Secrets Manager, ma'ajiyar kalmomin sirri, ta ɗauko da kanta.

Wassalam,
Wani mai kula da sabobi