Wasiƙa daga bakin tafkin Maga, a arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da uwargida da yara, ina neman afuwarka bisa shirun da na yi tun ranar da ɗan ƙanwarka ya danƙa mini jakar kayan fatsa a tashar Marwa. Ban so in aiko maka da godiyar fatar baki ba, na fi so in jira har kayan su shiga ruwa, kuma ka san hukuma tana rufe kamun kifi a tafkin nan da damina, sai da watan Oktoba ya kama aka buɗe. To shekaranjiya da hantsi Allah ya ba ni baƙin dumi mai nauyin kilo 4 daga tsakiyar ciyawar nan ta bayan tsohon mashigi, inda ni da kai muka bar ƙugiyoyin da ba su ƙirguwa muna samari, kuma tun daga lokacin na kasa zama sai na ba ka labari.

Da farko akwai ruɗanin suna. Da na gaya wa mutanenmu cewa kayan kamun karf ne ka aiko daga Faransa, kowa ya ɗauka karfasa nake nufi, domin a kasuwannin Marwa da Garwa mai jin Faransanci karfasa yake kira karf. Sai da na nuna musu hoton da ka turo suka yarda cewa wani kifi ne dabam, mai ɗan gashin baki, wanda haƙoransa suke can cikin maƙogwaro, kuma yakan wuce kilo 20 a ruwayenku. Danginsa na kusa a wurinmu shi ne dumi, fari da baƙi, sai dai bakin dumi a ƙasa yake, da leɓe mai kauri na kankarar gansakuka, kuma bai kai na karf faɗi ba. Wannan ne ya sa dafaffun dunƙulen koton nan da ka sako, masu girman 'ya'yan ɗinya, suka yi masa yawa. Tarwaɗa ce ta cinye su kakaf saboda ƙarnin garin kifin da ke cikinsu, na kuwa koma ga masara.

Ka san halin tafkinmu. Tun da aka tare ruwan a 1979 da gaɓar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 27 domin ba gonakin hukumar noman shinkafa ta SEMRY ruwa, bai taɓa zama mai zurfi ba, rana tana kaiwa har gindinsa a wurare da yawa, shi ya sa ciyawa take samun yadda take so. A sama ga bado da kainuwar da iska ke korawa yau gabas gobe yamma, a gefe ga burugu, a ƙasa kuma ga wata ciyawa mai laushi da ke tashi kamar kamu ɗaya daga taɓo. Kalli, ragar da ake kafawa, ba ya shiga wurin, mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, yana sarƙewa, birgi kuwa, ragar jifa, kan ciyawa yake sauka ya kwanta, saboda haka duk babban kifin da ya tsira daga masunta can yake fakewa. Mun daɗe da sanin haka, hanyar kai masa ƙugiya da hanyar fito da shi ne ba mu da su.

Makonni biyu na farko ban kama komai ba sai ciyawa, domin na ɗaura dalma da ƙugiya yadda muka saba, dalmar ta nutse cikin ciyawar ƙasa ta ja koton tare da ita, kifi bai ma gan shi ba. Daga nan na zauna da takardar da ka zana mini da biro, na bi ta a hankali, na fahimci cewa dabarar ba a tsadar kayan take ba, a inda kowane abu yake zama ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne raba koto da ƙugiya. Duk tasowarmu an koya mana a ɓoye ƙugiya cikin tana ko ƙullu har kada tsininta ya fito, sai ga shi Len Midilton da Kebin Madoks a Ingila, a ƙarshen shekarun 1970, sun zuba wa karf ido a cikin tankin ruwa, sun ga yana zuƙar abinci yana furzar da duk wanda ya ji nauyin zare a jikinsa, suka rataya koton a ƙarƙashin ƙugiya da silin gashin mutum, suka bar ta tsirara. Ni jela nake kiran wannan ɗan zaren, kuma sunan ya bi bakin yara. Ga yadda nake ɗaura ta, ka duba ko daidai ne. Ina yin ɗan zarge a bakin zare, in soka ɗayan bakin ta bayan idon ƙugiya, in bar jelar ta wuce lanƙwasar ƙugiya da kaɗan, in naɗe zaren sau bakwai a jikin ƙarfen ina gangarowa, sannan in sake mayar da shi ta bayan idon yadda zai fito ta ɓangaren tsini. Idan kifi ya zuƙi masarar ƙugiya tana bin ta ciki, idan ya tashi furzarwa sai ta juya ta kama leɓen ƙasa. Na gwada a tafin hannuna, ina jan zaren a hankali, kuma kowane ja sai tsinin ya kifa ya kama fata. Saboda ƙanƙantar bakin dumi na gajarta jelar, na sa ƙwayar masara biyu kacal, na yi amfani da ƙugiya mai lamba 8 maimakon mai lamba 4 da ka fi yabawa, amma mai kaurin ƙarfe, domin siririya miƙewa take yi idan aka yi ja-in-ja a cikin ciyawa.

Masarar ma tana da nata aiki. Ina jiƙa ta kwana ɗaya, in dafa ta kamar rabin awa har ta fara tsagewa, in bar ta cikin ruwanta ta ɗan yi tsami. Domin ta tashi sama da ciyawar ƙasa, sai na yanko totuwar karan dawa daidai girman ƙwaya ɗaya na sa ta tsakanin ƙwayoyin biyu, na gwada a cikin bokiti ina rage ta da reza har ta kai ga ɗaga masarar ba tare da ta ɗaga ƙugiyar gaba ɗaya ba. Totuwa tana shan ruwa bayan awa biyu ko uku, sai a sauya, amma ba ta ƙarewa a garin nan, kuma na ga ta yi aikin da 'yan robobin nan naka masu yawo suke yi.

Wancan ɗaurin da kuke kira cod, mai gajeren zare mai tauri da ke zamewa a kan babban zare tsakanin duwatsun roba biyu, na yarda da hikimarsa, tunda dalma tana nutsewa abinta shi kuwa ya sauka a hankali ya zauna bisa ciyawa. Na matsar da dutsen sama kamu ɗaya da rabi gwargwadon tsawon ciyawar wurin, ya kuwa ba ni tarwaɗa biyu da cihaki ɗaya. Amma a ganina bai dace da dumi ba, domin dumi ƙasa yake kiwo, ba ya son ɗaga kai. Abin da ya fi mini shi ne share fili. Na ɗaure manjagara biyu baya da baya, na sa musu igiya, ni da autanmu muka shiga kwalekwale muka yi ta ja har muka buɗe wuri kamar faɗin tabarma huɗu, da 'yar hanya da ta nufo gaɓa. Ban bar yaron ya taka ruwan ba, saboda cikin irin wannan ciyawa katantanwar tsargiya take zama, kuma ba ka manta da wahalar da muka sha ba. Kwana huɗu ina zuba dusar shinkafa da dakakken ƙuliƙuli da ɗan masara a wurin bayan la'asar, ban jefa ƙugiya ba ko sau ɗaya. A rana ta biyar na jefa dalma ita kaɗai, na riƙe zaren da yatsa, na ji ta bugi ƙasa mai tauri har cikin sanda, sannan na tabbata filin ya tsarkaka.

'Yan ledojin nan masu narkewa a ruwa ba su jure ƙasarmu ba. Gumin hannu kaɗai yana huda su, rabinsu sun manne da juna a cikin jaka tun da damina, waɗanda suka rage kuwa ɗumin ruwan yana narkar da su kafin su kai ƙasa. Na maye gurbinsu da ƙullun dusa da ɗan tsakin dawa, ina dunƙula shi a kan ƙugiya da koto gaba ɗaya, ya rufe tsinin har ya ratsa ciyawa, bayan 'yan mintoci ya warware ya bar masarar a tsakiyar garin. Kada ka sake kashe kuɗinka a kansu.

Yanzu ga labarin shekaranjiya. Na fita bayan asuba, na tsaya sai da na tabbata dorinar nan mai ɗa ta koma can wajen tsibiri, sannan na jefa. Har rana ta ɗaga ba abin da ya motsa sai ƙananan kumfa da ke tasowa a layi daga gefen filin, alamar ana tonon ƙasa. Can sai kan sandar ya rusuna sau biyu, ya lanƙwashe gaba ɗaya. Na riga na ɗaure injin naɗin tamau kamar yadda ka ce, domin a ciyawa duk taƙin da ka ba kifi ba ya dawowa, na ɗaga sandar sama na riƙe shi, amma duk da haka ya sami gefen bado ya kutsa. Na ji zaren kitson nan, wanda aka kitsa da silili da yawa, yana yanka karan bado ɗaya bayan ɗaya, ganyen suna tasowa suna juyawa, abin da lailon ba zai taɓa yi ba, domin lailon miƙewa yake yi ya kwanta a kan ciyawa har ta tara masa nauyi. Daga nan komai ya tsaya cik. A da, nan ne nake fizga in tsinke. Wannan karon na riƙe shi da ja ɗaya marar yankewa na ɗan lokaci, da na ga bai motsa ba na saki zaren gaba ɗaya na ajiye sandar na jira. Bayan kamar minti biyar zaren ya fara tafiya da kansa. Muka tura kwalekwale har muka tsaya daidai kansa, na ɗago shi a miƙe, ya taso da tulin ciyawa a fuska, kuma rufewar idon ta sa ya yi laƙwas har autanmu ya zura masa koma. Ƙugiyar tana tsakiyar leɓen ƙasa, masarar tana lilo a waje ba abin da ya same ta.

Abin da ya cece ni a wannan kokawar shi ne nauyin ya riga ya faɗi. Na gane amfanin maƙalin nan da ke sakin dalma idan ta sarƙe, tunda ita ce take zame wa kifi anka a cikin ciyawa, kuma da zarar ta rabu da zaren sai ya taso sama. Amma raina bai kwanta da zubar da dalma a ruwan da muke sha muke kuma ba shinkafa ba, guba ce, ga shi guda goma kaɗai ka aiko. Saboda haka na koma ɗaura ɗan dutse da zaren ɗinki, wanda yake jure jifa ɗaya amma ya tsinke idan aka yi ja mai ƙarfi. Duwatsun ma daga Marwa nake sa a kawo mini, ka san ƙasar nan laka ce zalla.

Baba ya zo har gida ya ga kifin, ya daɗe yana juya ɗaurin a hannunsa, sannan ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce idan babban zaren ya tsinke, me zai sami kifin da ke jan wannan zaren kitson da ba ya ruɓewa? Gaskiyarsa ne, domin kwanakin baya na rasa wani da kusan taƙi goma na zare a bakinsa, kuma na san ƙarshensa ɗaurewa ne a gindin burugu. Tun daga ranar nake sa ɗan zaren ƙugiya ya fi babban zaren rauni, yadda idan za a tsinke a can ƙasa za a tsinke, kuma na sassauta dutsen roba na sama yadda zai zame ya fita. Ina so ka tambayi abokin fatsar nan naka ko akwai abin da ya fi wannan, ka rubuto mini dalla-dalla. Da na gaya wa Baba cewa a wajenku ana auna karf a ɗauki hotonsa a mayar da shi ruwa, ya yi shiru, ya ce wanda ya ƙoshi ne yake iya haka, amma ya yarda a riƙa sakin ƙanana da masu ƙwai, kuma ya ce zai faɗa wa matasan mashigi. Namu dai an yi miyarsa a daren, an kai wa mahaifiyarka tsakiyar, ta sa maka albarka ƙwarai.

Idan mai zuwa ya samu kafin ruwa ya ja baya a watan Maris, abin da nake bukata shi ne ƙugiya mai lamba 8 da mai lamba 10 masu kaurin ƙarfe, da ƙarin zaren kitso, da allurar nan ta soka masara, domin tawa ta karye na koma amfani da wayar birkin keke. Akwai wani kifin bargi da nake gani yana kewaya sheƙarsa a cikin burugun yamma, ban taɓa shi ba sai ya gama renon 'ya'yansa, amma na fara share masa fili.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, mutanen gida duka suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Maga