Wasiƙa zuwa ga mutumina kan intarof ɗin da ya hana ni barci

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin can, ya karatu? Mu nan Zariya hunturu ya kankama, hazo ko'ina. Su Hajiya duk suna gaishe ka.

Tun makon jiya nake son rubuto maka don kai ne za ka gane abin da na sha. Ka tuna direban nan (manhajar da ke haɗa na'ura da Linux) da nake rubutawa na sensar da ke auna batirin sola a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi? Sensar tana kan I2C ne (wayoyin da take magana da Pi ta cikinsu), in ta gama awo sai ta ja layin GPIO (ɗaya daga ƙafafun bod ɗin) ƙasa, intarof ya shigo, wato siginar da ke katse furosesa don ya kula da na'ura, ni kuma a cikin handila, kod ɗin da ke amsa intarof ɗin, kai tsaye nake karanto rajistocinta inda awon yake. To da ya shigo sai kanel, wato zuciyar Linux, ya watso min kuskuren "scheduling while atomic", allo ya cika da rubutu, wani sa'in ma bod ɗin ya sandare sai na zare wuta na mayar. Kwana uku wallahi ina zargin wayoyi, har sabuwar sensa na saya.

Ashe karatu ta I2C jira yake yi, yana kama mutex (makullin da sai an jira a sake shi), shi kuwa handilan intarof na asali ba a barci, wato irin wannan jiran, a cikinsa ko kaɗan.

Abin da ya fitar da ni shi ne request_threaded_irq, wanda ke cikin Linux tun 2.6.30 a 2009, Thomas Gleixner ne ya shigo da shi daga aikin PREEMPT_RT, mai sa Linux ya riƙa amsawa a kan kari. Aikin handilan ake rabawa biyu. Na farko leƙe kawai yake, ya duba ko na'urarsa ce ta yi kira, ya ce IRQ_WAKE_THREAD ya kauce. Sai kanel da kansa ya ƙirƙiri zare (thread, aiki mai gudana da kansa) na musamman ya ɗora masa kashi na biyu, can ka yi jira son ranka. Da na buga ps, umarnin da ke jero ayyukan da ke gudana, na ga zaren nawa zaune, irq/ da lambarsa da sunan direbana, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Yana kan tsarin fifiko na SCHED_FIFO mataki na 50, kuma da umarnin chrt kana iya ɗaga shi ko ka sauke shi kamar kowane aiki, ni wannan ne ya fi burge ni.

Amma ka kula da nan. Na bar kashi na farkon NULL, wato babu komai, sai kiran ya dawo da kuskuren -EINVAL, sai da na sa IRQF_ONESHOT, mai barin layin intarof a rufe har zaren ya gama. Da farko haushi na ji, daga baya na ga gaskiyar masu kanel ɗin, don layin yana nan a ƙasa har sai an karanta sensar, in aka buɗe shi kafin zaren ya gama sai intarof ya yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, zaren ma ba zai samu sarari ba.

Yanzu kwana biyar bod ɗin yana kunne bai tsaya ba, alhamdulillah. Tunda PREEMPT_RT ya shiga kanel 6.12 ina so in gwada shi da cyclictest, manhajar auna jinkiri, in ka taɓa haɗa shi a kan Pi don Allah turo min konfig ɗinka, wato saitin kanel ɗin.

A gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Zariya