Jikana ba ƙarfe ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fata kai da abokan aikinka kuna lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, da ɓacin rai na ɗauki biro, saboda abin da yaron nan naku mai gabatar da shiri ya faɗa a filin sunaye na ranar Lahadi a gidan rediyonku. Wai Jamusawa sun rasa abin da za su raɗa wa 'ya'yansu sai sunan ƙarfe, wai Wolfram ƙarfen cikin kwan fitila ne. Har da ƙyalƙyala dariya, abokiyar aikinsa tana taya shi, tana cewa saura a samu mai suna Dalma ko Tagulla. To Wolfram ɗin nan sunan jikana ne.

A teburin mai shayi na ji shirin, rediyo a tsakiyarmu, mu bakwai. Kowa a wurin ya san ɗana na biyu yana Jamus, ya san matarsa Bajamushiya ce, ya san sunan yaron, domin ni da bakina na raba musu goron suna shekara shida da suka wuce. Kafin in ajiye kofi an riga an laƙaba mini Kakan Ƙarfe. Yau kwana biyar ke nan, har almajirin da ke wanke wa mai shayin kofuna haka yake gaishe ni. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu, kun mai da ni abin wasan yara saboda wani ya ƙi buɗe littafi kafin ya buɗe baki.

Kuma ba ni za a koya wa ƙarfen nan ba. Shekara ashirin da shida na yi a aikin kuza, daga ɗaukar kwano har na zama mai duba ma'auni, an kuma taɓa tura ni Ririwai inda dutsen yake fitowa tare da kuza. Baƙi ne, ƙanƙane a ido, amma in ka ɗora shi a tafin hannu sai ka ji kamar an danna maka hannun ƙasa. Turawan da muka yi aiki da su wolfram suke ce masa, shi ya sa alamarsa a littafin 'yan makaranta W ce, lamba ta 74, ko da yake Ingilishi ya fi kiransa tungsten, wato dutse mai nauyi da harshen Suwidin. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, dalilin da ya sa ake yin zaren kwan fitila da shi ke nan. Duk wannan gaskiya ne, yaronku bai yi ƙarya a nan ba. Amma masu haƙar kuza na Jamus ne suka sa wa dutsen suna don haushi, saboda in ya shiga tukunyar narki sai ya cinye musu kuza kamar yadda kyarkeci ke cinye tunkiya. Wani masaninsu, Agricola, ya rubuta shi da Latin a 1546 da ma'anar kumfar kyarkeci. Ƙarfen kansa ma sai a 1783 wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sifaniya suka iya ware shi daga dutsen.

Sunan mutum kuwa ya girme wa wannan nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 7 akwai wani bishop na garin Sens a Faransa mai suna Wulfram, wanda har yau akwai coci mai sunansa a Grantham ta Ingila. Wajajen shekara ta 1200 an yi babban mawaƙin Jamusawa Wolfram von Eschenbach, wanda a 1917 aka ƙara sunansa a gaban sunan wani gari a jihar Bavariya, ya koma Wolframs-Eschenbach. To don Allah wa ya ari sunan wani? Ta yaya jariri zai ci sunan abin da sai bayan shekara ɗari takwas za a sa masa suna? Kamar a ce Kano ta samo sunanta daga kwano ne don kalmomin sun yi kama a kunne.

Ba a intanet na tsinto wannan ba. Mahaifin surukata ne ya zauna a tabarmata a nan Bukuru, yana fama da tuwon acca da cokali, ɗana yana fassara, ya warware mini shi dalla-dalla, domin sunansa ne yaron ya ci. Sunan yanka na mahaifina ne, don haka ba na faɗarsa, na biyun kuma na kakansa na wajen uwa. Ya ce kalma biyu ce aka haɗa a tsohon Jamusanci: wolf, wato kyarkeci, da hraban, wato hankakan ƙasarsu, wanda ya fi namu girma kuma baƙi ne ƙirin, ba shi da farar riga a ƙirji. Da tafiya ta yi tafiya hraban ɗin ya lotse ya zama ram. Shi ne dai a ƙarshen Bertram, hankaka mai haske, da Guntram, hankakan yaƙi. Ram ɗin dutse daban, ram ɗin mutum daban.

Gaskiya da na ji hankaka sai da na ɗan ɓata fuska, don mu a wajenmu hankaka mai da ɗan wani naka ne, ba tsuntsun da za a yi alfahari da shi ba. Uwargida ma cewa ta yi ita ba za ta kira angonta da sunan ɓarawon ƙwai ba. Amma dattijon ya ce kakanninsu kafin Kiristanci ya zo musu mayaƙa ne, kuma waɗannan biyun su ne ke bin rundunar yaƙi. Abin bautarsu na da, Wodan ko Odin, ana siffanta shi da hankaki biyu a kafaɗa masu kawo masa labarin duniya, da kyarketai biyu a gefen ƙafarsa. Uban da ya sa wa ɗansa wannan suna yana yi masa fatan ƙarfin zuciyar ɗaya da wayon ɗayan. Na ce ai mu ma haka muke. Usama da Haidar duk zaki ne, kuma ba mu taɓa jin wani ya yi musu dariya a rediyo ba. A kirari ma sarki giwa ne, toron giwa, ɓauna, damisa. Balle Tanko da Shekarau da Nomau da Ajuji, waɗanda in Bajamushe ya fassara su da ganganci a gidan rediyonsu yana dariya, da ku ne za ku fara kumfar baki.

Sai kuma maganar da ya yi cewa wai sunan ya cika Jamus, ko'ina ka juya Wolfram. Ina ya gani? A makarantar renon da jikana ya yi shi kaɗai ne, kuma surukata ta ce duk wanda ya ji sunan sai ya zaci kakan ake nufi, don yawancin masu shi yanzu furfura ta kama su. Akwai ƙungiyar harshen Jamusanci da ke Wiesbaden, tana fitar da jerin sunayen da aka fi sa wa jarirai kowace shekara. A 'yan shekarun nan irin su Noah da Matteo da Leon da Paul ne a sama, babu Wolfram a goman farko, ko kusa. Ƙarancinsa ma na daga abin da ya sa uwar ta nace a kansa, ba ta son sunan ubanta ya bi shi kabari. Ko furucin bai iya ba: W ɗin Jamusawa ba irin tamu ba ce, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ni da haƙorana huɗu suka zube na koya, shi mai cin albashi a kan magana ya kasa.

Abin da nake so ɗaya ne. A filin nan, a ranar Lahadi, da bakin yaron nan, a ce an yi kuskure. Kada a cusa shi a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya tashi alwala, a farko nake so, kuma zan tara mutanen teburin nan su bakwai su ji da kunnensu.

Tun da na riga na ɗauki biro, wane ne ya ba ku shawarar sa kiɗa a ƙarƙashin muryar mai karanta labaran safe? Wata uku ke nan ina kasa kunne in ji farashin taki, sai kalangu ya rufe adadin. Mu da kunnenmu ya yi nauyi a bakin injin wanke kuza ba ma rarrabe maganar da gangar. Ku rage shi ko ku cire.

A gaida ma'aikata, ban da mutum ɗaya sai ya gyara.

Naku,
Tsohon ma'aikacin kuza, Bukuru