Samun sauƙi ba dalilin barin magani ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da iyalan da ke jinyar mai ciwon taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana binsa da sharri. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300.

Abin da ya fi mayar da mara lafiya baya shi ne barin magani, kuma galibi an fi barinsa lokacin da ya fara aiki. Barci ya dawo, muryoyi sun lafa, sai a ce ya warke. Bayan 'yan makonni ko watanni ciwon ya taso, wani lokaci fiye da na farko. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 12 bayan alamu sun ɓace, wasu kuwa shekaru. Ragewa aikin likita ne, a hankali.

Wanda ya ƙi magani yawanci yana da dalili, a tambaye shi kafin a yi masa faɗa. Haldol, ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo, na iya sandarar da jiki, hannu ya yi rawa, miyau ya riƙa dalala, wuya ya murɗe, idanu su kafe sama. Mutane na ɗauka aljanu ne, alhali illar magani ce, kuma tana da gyara: likita ya rage yawansa ko ya ƙara Artane, maganin da ke rage wannan illar. Kada a sayi Artane a hannun 'yan tebur. Largactil, wani maganin ciwon, na kawo jiri idan an miƙe da sauri, yana kuma sa rana ta ƙona fata, don haka mai noma ya rufe jiki, ya sha ruwa sosai. Amma idan zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa, a tsayar da maganin, a garzaya asibiti nan take.

A gida, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bayarwa, a ɗaura shan maganin da lokacin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar isha'i. Idan an manta, kada a haɗa biyu. A koma karɓo sabo tun da saura na mako guda. Kafin azumi a nemi likita ya daidaita lokutan sha. Tiramol da wiwi suna rushe aikin gaba ɗaya. Addu'a da ruƙiya ba sa hana shan magani. Ɗauri da mari kuwa zalunci ne.

Ga mai yawan mantuwa akwai allura mai daɗewa a jiki, irin Modecate ko Haldol Decanoas, kusan sau ɗaya a wata. Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Maradi su kai ta asibitocin karkara, domin mutumin Dakoro ko Mayahi da zai biya kuɗin mota duk wata zuwa birni, ranar da aljihu ya bushe ranar magani zai yanke.

Wasu ma'aikatan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa,
Maradi