Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu tara tsoffin hotuna a Maradi

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa membobi, ga abin da biro ya yi bana, wanda bai samu zuwa reniyo ba sai ya karanta nan.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne sikane hotunan gidajen gwamnati na zamanin Nasara a saka su cikin ordinatar. Mun samu na gidan gwamna janar na Dakar da aka gama a 1907, cikin katunan hoto na Fortier, wani Nasara mai ɗaukar hoto da ya zauna can, sai na barikin soja na Damagaram wanda suka sa ma sunan Cazemajou, kyaftin ɗin da aka kashe a garin a 1898. Kun san Damagaram ce babban birni har 1926 da aka maida shi Yamai, to na can ba su yi wuyar samu ba. Na Maradi ne sai an sha wahala wallahi, ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari cikin gulbi har aka hauro tudu ta tafi da kaya da yawa, ɗan abin da ya rage kuma gara da damshi sun same shi cikin akwati.

Abin da ya fi damunmu shi ne rubutun ƙasan hotunan. Nasara ya rubuta sunan gini, ya rubuta sunan kumandan, amma waɗanda suka yi dakon tubali da ruwa a aikin dole ko mutum ɗaya ba a ambata ba. Shi ya sa muka wanke wasu da girma muka riƙa kai ma tsofaffi gida gida suna dubawa muna rubuta abin da suka ce. Akwai wani hoton farauta, Nasara ya ɗora ƙafa kan mariri (wani babban naman daji dangin barewa) da ya harbe, ƙahonninsa dogaye sun lanƙwashe ta baya, ga mutum uku tsaye da tulu da bindiga, wani baba ya matso da hoton kusa da ido ya ce ku dubi zanen kumatun wannan, Bagobiri ne, wancan kuma ɗaurin rawaninsa na Buzaye ne. Mu da muka yi ta kallon hoton ba mu lura ba.

Hotunan namun dajin ne muka kai wasu lakwal, yara sun ɗauka mariri tatsuniya ce. Ba laifinsu ba ne, a 2000 aka ayyana ya ƙare a daji, sai 2016 aka fara maido shi a Chadi. Raƙumin dawa shi ma saura ƙiris, 49 kawai aka ƙirga a 1996 wajen Kure kusa da Yamai, yanzu sun haura 600, kuma a 2018 an kawo 8 dajin Gadabeji nan jiharmu wanda aka keɓe tun 1955. Mun so kai membobi su gani da ido, kuɗin mota ya hana.

Maganar kuɗi ke nan, kotizasiyon da yawa ba su biya ba, tawada da takardar hoto daga aljihun ƴan biro suke fita, haba jama'a. Ma'aji zai karanta lissafi a reniyo mai zuwa.

Mai hoto a gida ya kawo cikin ambulan, a sikane a maida mashi abinshi nan take. Don Allah kar a kai a plastifiye, wato a manne shi cikin leda, zafin injin yana lalata hoton kuma ba ya ɓaruwa bayan nan.