Cocin Leipzig da waƙar Bach: ginin ma kayan kiɗa ne

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka. Duk lokacin da Ista ta matso, akan nuno hotunan makaɗa da mawaƙa a tsofaffin coci-coci na Turai, mai kallo ya ɗauka don kyan gini aka zaɓi wurin. Mu da ke koyar da wannan sana'a mun san cewa ginin yana cikin kayan kiɗan, kuma shi ya fi wuyar sarrafawa.

A ɗauki cocin Saint Thomas da ke Leipzig a Jamus, inda Johann Sebastian Bach ya shugabanci mawaƙa daga 1723 har ya mutu a 1750. Ƙungiyar yara mawaƙan cocin ta samo asali tun 1212, kuma har yau makaɗan Gewandhaus, babbar ƙungiyar makaɗa ta Leipzig, su ne ke raka su da kiɗa. Domin wannan ɗaki Bach ya tsara babbar waƙarsa ta shan wahalar Almasihu bisa Bisharar Matiyu, mai ɗaukar kusan awa 3: rukunin mawaƙa biyu, rukunin makaɗa biyu, suna kira suna amsa wa juna. A kan benen da ke bayan coci suke tsayawa, don haka masu sauraro da yawa ba sa ganinsu, sai dai amo ya sauko musu daga sama.

Matsala ta farko ita ce amsa-kuwwa. A zauren kiɗa mai kyau amo kan ɗauki kamar daƙiƙa 2 kafin ya mutu. A cocin dutse yakan zarce haka, har a cocin Saint Paul na Landan yana kaiwa wajen daƙiƙa 11 idan ba kowa ciki. Doguwar waƙa mai tafiya a hankali tana jin daɗin wannan, tana cika ɗaki. Amma da an shiga wuri mai sauri, sabon amo ya hau kan tsohon da bai gama mutuwa ba, kalmomi su cakuɗe. Maganinsa shi ne madugu, wato mai jagorantar kiɗan da hannu, ya rage gudu, masu goge su gajarta jan baka, mawaƙa su fito da baƙaƙe irin su t da k da s fiye da yadda suka saba, sannan bayan kowace ƙara mai ƙarfi a dakata har ɗaki ya yi shiru. Akwai tarko a nan: gwaji a cocin da ba kowa yana ruɗarwa, domin jikin jama'a da rigunan sanyinsu suna shanye amo. Gudun da ya dace da safe a gwaji kan yi nauyi da dare.

Sai tazara. Amo yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Mawaƙin da ke mita 34 daga mai kaɗa ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututu, zai ji shi a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan kowa ya bi kunnensa, kowa yana jiran kowa, waƙar ta yi ta ja da baya. Dokar ita ce a bi hannun madugu da ido. Shi ya sa mai ogan ke da madubi ko ƙaramin allon kyamara a gabansa.

Abin da ya fi ba mu ciwon kai shi ne sanyi. Bututun ogan yana sauke murya idan iska ta yi sanyi: digiri 5 kacal sun isa su mayar da amon da aka saita a kan girgiza 440 a daƙiƙa zuwa kusan 436, kuma kunne na jin wannan. Sarewa da obo, 'yar'uwar algaita, su ma suna farawa ƙasa, su hau yayin da numfashi ke ɗumama su. Tsirkiyar hanji da ake sa wa gogen gargajiya kuwa laima ke juya ta, ga numfashin ɗaruruwan mutane yana ƙara laimar. Ogan ba ya gyaruwa a tsakiyar waƙa, saboda haka kowa da shi zai daidaita, a kuma sake saitawa a lokacin hutu. Ɗumama cocin da gaggawa ana saura awa ɗaya kuskure ne babba: iska ta bushe, katakon kayan kiɗa ya tsage. A hankali ake yi, tun kwana guda kafin taro.

Muna da roƙo ga masu shirya daren waƙoƙin Kirsimeti da Ista a coci-cocinmu na Jos da Kaduna da Zariya. Kada a fara da lasifika, domin a ɗaki mai amsa-kuwwa ƙara ƙarfi ƙara cakuɗewa ne. A tsaya tsakiyar ɗakin a tafa sau ɗaya, a ƙirga daƙiƙoƙin da amon ya ɗauka. A yi gwaji na ƙarshe a wurin, a daidai lokacin da za a yi taron, a kuma zaunar da mutum a kujerar ƙarshe ya ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace masa.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu malaman kiɗa da waƙa