Jiniyar da ake ji a ƙirji

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a birnin New York na ƙasar Amurka, kuma na rubuto ne kan wata jiniya da Allah Ya yi sanadin tsirata da ita.

Wani dare cikin hunturu ina tafe a unguwar Bronx, gilasai duk a rufe, fasinjana yana ta waya da ƙarfi. Wuta ta ba ni hannu, ina dab da shiga mararraba, sai na ji kujera da sitiyari suna rawa, wani gurnani ya doki ƙirjina kamar ana buga tambari a ƙofar fada. Ƙafata ta taka birki tun kafin in gane abin da ke faruwa. Sai ga motar 'yan sanda ta gilma a guje. Wallahi sai a lokacin kunnena ya kama kukan jiniyarta.

Na'urar da ta yi wannan gurnani sunanta Rumbler, kamfanin Federal Signal ne ke ƙera ta. Kamfanin Whelen ma yana da irinta mai suna Howler. Aikin Rumbler shi ne ta ɗauki kukan jiniyar da muka sani ta kaurara shi, har ya sauko zuwa kaɗawa 182 zuwa 400 a daƙiƙa ɗaya. Siririyar ƙara, gilashi da soson da ake cusa wa motocin zamani suna tare ta. Amo mai kauri kuwa ratsa ƙarfe yake yi, shi ya sa idan ana biki a bayan layi gangar kake ji, ba muryar mawaƙi ba. Ga shi kuma idan shekaru suka ja, siririyar ƙara ce ke fara ɓace wa kunne, dattawan direbobi kuwa muna da yawa.

Ba ta cin nisa, kamar mita 60 ne, kuma bayan 'yan daƙiƙoƙi takan kashe kanta. Mazauna bakin titi suna kuka da ita, suna da gaskiya, don abin da ya ratsa mota zai ratsa bango. Shi ya sa ya kamata a bar ta sai a mararraba.

Abin da ke ci mini rai shi ne gida. Duk zuwana Kano sai na ga motar asibiti ta maƙale a cunkoso tana kuka, masu Keke Napep ko waiwaye ba sa yi. Ban ga laifinsu sosai ba: ayarin manya ya sa jiniya ta zama alamar isa, har mutane suka daina tunanin akwai mai naƙuda a ciki. Idan an kawo wannan na'ura, ina roƙon doka ta keɓe ta ga motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana kaɗai.

Don Allah ku nemo direban motar asibiti ku tambaye shi minti nawa yake ɓatawa kafin a buɗe masa hanya.

Naku,
Wani direban tasi, Bronx